Asalin Duniya: Abin da Addinai Suka Ce, Abin da Kimiyya Ta Gano, da Inda Suka Saɓa

Tun da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara aiko da hotunan can ƙuryar sararin samaniya a watan Yulin 2022, saƙonni iri biyu ke ta yawo a wayoyin jama'a. Wani ya ce hotunan sun rushe nazariyyar Big Bang, wato bayanin kimiyya kan yadda halitta ta faro, masana kimiyya sun rasa bakin magana. Wani kuma ya ce hotunan sun gaskata abin da littattafan addini suka faɗa tun da daɗewa. Wanda ya samu saƙonnin biyu a rana ɗaya, ba laifinsa ba ne idan kansa ya ɗaure.

A gari irin Jos, zancen ya wuce na masana. Nan ne hedikwatar cocin ECWA da ta cocin COCIN, nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, nan kuma Jami'ar Jos take yaye ɗaliban ilimin ƙasa da duwatsu. Yaron sakandare kan ji da safe cewa shekarun duniya sun kai biliyan huɗu da rabi, da yamma a Islamiyya ko ranar Lahadi a coci ya ji an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida. In ya kawo tambayar gida, iyaye da yawa kan ce masa ya bar wannan magana. Alhali malaman addinan biyu sun daɗe suna tattauna ta, tun ba a ƙera na'urar hangen nesa ta farko ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

In aka ce asalin duniya, abu uku ake iya nufi. Akwai asalin halitta baki ɗaya, wato sarari da lokaci da taurari da duk abin da ke akwai. Akwai asalin wannan ƙasa da muke takawa, ita da rana da wata. Sannan akwai asalin rai da na ɗan'adam. A kimiyya fannoni uku ne, kowanne da hujjojinsa. Big Bang tana magana kan na farko ne kaɗai, ba ruwanta da mutum ko biri. Nazariyyar juyin halitta da Charles Darwin ya wallafa a 1859 ta shafi na uku, ba ta ce uffan kan yadda sama ta samu ba. Gardamar majalisa takan lalace tun a nan, domin ɗaya yana zancen taurari, ɗaya yana mayar da martani kan Annabi Adamu.

Tambayoyin ma iri biyu ne. Wa ya yi, kuma don me? Ta yaya aka yi, kuma yaushe? Addini ya fi ƙarfafa biyun farko, ko da yake ya taɓo na bayan. Kimiyya kuwa ma'auninta bai wuce biyun ƙarshe ba.

Ita nazariyya a bakin masana kimiyya ba shaci-faɗi ake nufi ba. Bayani ne da ya haɗa hujjoji masu yawa, aka gwada shi ta hanyoyi daban-daban bai faɗi ba. Duk da haka ba wahayi ba ce. Ranar da sabon awo ya saɓa mata, gyara ta ake yi ko a ajiye ta.

Abin da Alƙur'ani da malaman Musulunci suka ce

Tushen aƙidar Musulunci a nan a fili yake: Allah Maɗaukakin Sarki ne ya samar da komai bayan babu, kuma in ya nufi abu, ce masa kawai yake yi ya kasance, sai ya kasance, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara da Yasin. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce Allah ya kasance babu wani abu sai shi, Al'arshinsa kuma yana kan ruwa. Halittar sammai da ƙasa cikin kwana shida ta zo a wurare da dama, ciki har da A'arafi da Yunus da Hudu da Sajada da Ƙaf, inda aka ƙara da cewa wata gajiya ba ta shafe shi ba. Suratu Fussilat ta fi kowacce faɗaɗawa, a nan ne aka ce Allah ya nufi sama alhali tana hayaƙi, ya mayar da ita sammai bakwai.

Tsawon waɗannan kwanaki fa? Magabata ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ɗauke su kamar kwanakin da muka sani. Wasu, irin su Mujahid, sun ce kowane ɗaya kamar shekara dubu ne, suna kafa hujja da ayar Suratul Hajji da ta ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne a lissafinku. Suratul Ma'arij ma ta ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin. Shi ya sa masu tafsiri da yawa na wannan zamani ke fassara kwanakin da matakai shida waɗanda Allah kaɗai ya san tsawonsu. Abin lura shi ne Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun duniya ba.

Ayoyi biyu ne aka fi haɗawa da Big Bang. Ta 30 a Suratul Anbiya ta ce sammai da ƙasa sun kasance a haɗe, Allah ya raba su. Ta 47 a Zariyat kuma wasu na fassara ƙarshenta da cewa Allah yana faɗaɗa sama. Amma Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo fassarori da dama ga ayar farko, ya kuma fi karkata ga cewa sama ce ba ta zubar da ruwa, ƙasa ba ta fitar da tsiro, sai Allah ya buɗe su. Ayar Zariyat ma magabata da yawa sun fassara ta da iko da yalwatawa. Fassarar da ta dace da kimiyyar yau ɗaya ce daga cikin waɗanda lafazin zai iya ɗauka, ba ita kaɗai ba.

Akwai kuma tsohuwar taƙaddama da ba kasafai ake tunawa da ita ba. Ibn Sina, bisa tafarkin falsafar Girka, ya ce duniya ta dogara da Allah amma ba ta da farko a lokaci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi masa raddi mai zafi, Ibn Rushd kuma ya zo daga baya ya mayar wa Gazali martani. Ra'ayin cewa duniya fararriya ce shi ya yi rinjaye, kuma shi ne almajiran zaure a ƙasar Hausa ke karantawa a Ummul Barahin na Sanusi, inda aka kafa hujjar samuwar Allah da faruwar duniya.

Littafin Farawa da fahimtar Kiristoci

Littafi Mai Tsarki ya buɗe da cewa a cikin farko Allah ya halicci sama da ƙasa. Sura ta farko ta Farawa ta jero aikin kwana shida: haske, sararin sama, busasshiyar ƙasa da tsirrai, sai rana da wata da taurari a rana ta huɗu, kifaye da tsuntsaye a ta biyar, dabbobi da mutum a ta shida. A ta bakwai Allah ya huta. Musulmi kan tsaya a kan wannan hutun, amma malaman Kirista suna fassara shi da kammala aiki, suna nuni da Ishaya 40:28 inda aka ce Mahalicci ba ya gajiya. Yahudawa ma da wannan nassi suke aiki, kalandarsu kuma daga halitta take ƙirgawa, ta shiga shekara ta 5786 a watan Satumban 2025.

Tun ƙarni na uku Origen na Iskandariyya ya yi tambayar da ɗalibai ke yi har yau: ta yaya kwana uku na farko suka samu safiya da maraice alhali ba a halicci rana ba sai a na huɗu? Augustine, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a 430, ya tafi a kan cewa Allah ya halicci komai a lokaci guda, kwanakin kuma tsari ne na fahimtar da mutum. A ɗaya ɓangaren, a 1650 Akbishop James Ussher na Ayalan ya tara shekarun zuriyoyin da aka lissafa a Tsohon Alkawari, ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. An riƙa buga wannan adadi a gefen shafukan Baibul na Turanci tsawon ƙarnoni, har mutane da yawa suka ɗauka cikin nassin yake.

A yau Kiristoci sun kasu kusan gida uku. Masu cewa kwanakin na sa'a 24 ne kuma duniya ba ta wuce shekara dubu shida zuwa goma ba. Wannan ra'ayi ya sake ƙarfi a Amurka daga shekarun 1960, yana kuma da mabiya a majami'un Najeriya. Masu cewa kwanakin dogayen zamunna ne, suna dogaro da Zabura 90:4 da wasiƙar Bitrus ta biyu, inda aka kwatanta yini ɗaya da shekara dubu. Sai masu cewa surar ta zo ne don koyar da wane ne Mahalicci da matsayin mutum a gabansa, ba don ba da jadawalin aiki ba. Cocin Katolika ba ta ga saɓani tsakanin imani da tsufan duniya ba, kuma a 1996 Fafaroma John Paul na biyu ya ce juyin halitta ya wuce matsayin zato, tare da riƙe cewa ran mutum Allah ne ke halittarsa kai tsaye.

Gargajiya da addinan gabas

Kafin isowar addinan biyu, al'ummomin Filato sun san Mahalicci da sunayensu. Berom na kiransa Dagwi, Mwaghavul na cewa Naan. Maguzawa sun yarda Allah ne ya yi komai, sai dai hidimarsu ta yau da kullum da iskoki take. Yarbawa na da cikakken labari: Olodumare ya sauko da Obatala, a wata ruwayar Oduduwa, ta kan sarƙa, ɗauke da ƙasa cikin ƙoƙon dodon koɗi da kaza mai yatsu biyar. Kazar ta yi ta tono tana baza ƙasar a kan ruwa har tudu ya samu a Ile-Ife. Wani labarin Fulanin Mali kuwa daga ɗigon madara ya faro halitta. Irin waɗannan labarai suna bayyana matsayin al'umma da ƙasarta da abin da take darajawa ne, ba a yi su don a auna su da shekaru ba.

Addinin Hindu ya bi wata hanya dabam. A wurinsu halitta zagaye take yi, ta samu, ta rushe, ta sake samuwa, kuma yini ɗaya na Brahma shekara biliyan 4.32 ne. Buddha kuwa ya ƙi amsa tambayar ko duniya tana da farko, ya ce ba ita ce za ta fitar da mutum daga wahala ba.

Yadda kimiyya ta kai ga biliyan 13.8

Har farkon ƙarni na ashirin, galibin masana kimiyya sun ɗauka sararin samaniya a tsaye yake, ba farko ba ƙarshe. Einstein kansa haka ya zata. Wanda ya fito da lissafin cewa sararin yana faɗaɗa a 1927, ya kuma ce a 1931 lallai ya faro ne daga wani dunƙulallen yanayi, shi ne Georges Lemaître, masanin lissafi ɗan Beljiyam kuma fada na cocin Katolika. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya nuna da awo cewa gungun taurari na nesa suna ƙara nisa da mu, kuma gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin tafiyarsa. Ana gane haka ne daga haskensu, wanda ke karkata zuwa ja.

Sunan Big Bang yana ruɗarwa, domin yana sa mutum ya zaci wani bom ne ya tashi a tsakiyar fili. Fred Hoyle, wanda bai ma yarda da nazariyyar ba, shi ya furta sunan a rediyon BBC a 1949. Abin da ake nufi shi ne sararin kansa ne ke miƙewa. Kamar ƙullin burodi ne da aka barbaɗa wa riɗi: in yana kumbura, kowace ƙwayar riɗi tana nisa da 'yar'uwarta ba tare da ta motsa daga inda ta manne ba. In aka bi faɗaɗar a baya da lissafi, ana isa wani lokaci da komai yake a matse cikin zafi mai tsanani.

Hujjar da ta raba gardama ta zo ne a 1965. Arno Penzias da Robert Wilson suna gwada wata babbar eriya a jihar New Jersey, sai suka riƙa jin wani shuu da ya ƙi ɗaukewa duk inda suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare, ƙarar tana nan. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya fito lokacin da halitta take da shekara kusan 380,000, ya huce har ya kai kimanin digiri 270 ƙasa da sifili. Masana sun yi hasashen samuwarsa tun 1948. Nazariyyar ta kuma faɗi cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sinadaran farko haidurojin ne, ragowar kuma hiliyom, aka auna aka tarar haka. Awon da tauraron ɗan'adam na Planck ya yi wa wancan tsohon haske shi ya ba da adadin shekara biliyan 13.8.

Akwai hujjar da ba ta buƙatar na'ura. Haske tafiya yake yi, hasken rana kan ɗauki minti takwas kafin ya iso mu. Hasken taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce. Gungun Andromeda, da ake iya hangowa da ido a dare mai duhu nesa da fitilun gari, haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi.

Shaidar da ke ƙarƙashin ƙafar mutanen Filato

Shekarun ƙasa da duwatsu ta wata hanya ake auna su. Sinadarin yuraniyom yana rikiɗewa a hankali ya zama dalma, kuma rabin nau'insa da ya fi yawa kan rikiɗe cikin shekara kusan biliyan huɗu da rabi. In aka auna yawan yuraniyom da dalma a cikin ƙwayar dutse, ana sanin tun yaushe ta daskare. Da irin wannan awo Clair Patterson ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956, daga duwatsun da suka faɗo daga sama, adadin kuma bai canza sosai ba har yau.

Duwatsun Shere da na kewayen Jos da Bukuru yara ne a wannan lissafi, shekarunsu tsakanin miliyan 160 ne zuwa 170. Narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin tsofaffin duwatsu masu aman wuta, ruwa da iska suka cinye na saman, suka bar gindin a fili. Kuzan da Turawa suka fara haƙa a farkon ƙarni na ashirin daga jikin waɗannan duwatsu ya wanku ya taru a tsofaffin hanyoyin rafi. Matar da ke tsugune bakin kududdufin haƙar ma'adinai a Bukuru tana juya yashi cikin kwano har baƙin kuza ya kwanta a ƙasa, abin da rafukan suka yi ne take ƙarasawa.

Abubuwan da suka taɓa rayuwa, irin itace da ƙashi, da sinadarin kabon ake auna su, shi kuma ba ya aiki in abu ya haura shekara dubu hamsin. Da shi aka auna kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya tono a 1987 yana haƙar rijiya a jihar Yobe ta yanzu, aka samu ya kai kimanin shekara 8,000. Wato ya girmi ranar halittar da Ussher ya lissafa da kusan shekara dubu biyu.

Abin da Webb ta gani, da inda kimiyya ta tsaya

An harba James Webb ranar 25 ga Disamban 2021, tana kuma aiki a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga ƙasa. Ta hango gungun taurari kamar yadda suke tun halitta tana da shekara miliyan 300 kacal, wasunsu sun fi haske da girma fiye da yadda aka yi tsammani. Wannan ya tilasta wa masana sake duba bayaninsu kan saurin da taurarin farko suka haɗu. Bai taɓa faɗaɗar sarari ko tsohon hasken 1965 ba. Hasali ma da wannan faɗaɗar ake lissafa nisan gungun. Saƙon da ya ce an rushe Big Bang ya wuce gona da iri.

Giɓin da ke akwai masanan da kansu ke faɗarsa. Abin da aka san ainihinsa, wato taurari da iska da duwatsu da mu, bai wuce kashi biyar cikin ɗari na halitta ba, sauran ana ganin tasirinsa ne kawai. Hanyoyi biyu na auna saurin faɗaɗa suna ba da sakamako biyu mabambanta, har yau ba a daidaita su ba. Mafi girma kuma, lissafin yana tsayawa ne dab da lokacin farko. Big Bang ta bayyana abin da ya biyo bayan farawa, ba ta faɗi abin da ya jawo farawar ba, balle dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu.

Inda gizo ke saƙar

Masu ganin addini da kimiyya ba sa ga maciji da juna suna nan a ɓangarorin biyu. Masana kimiyya Richard Dawkins da Stephen Hawking sun ce bayanin kimiyya ya wadatar, ba a buƙatar mahalicci. Masu sukarsu, ciki har da masana kimiyya masu imani irin Francis Collins da ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan'adam, sun ce wannan hukunci na falsafa ne, ba a ɗakin gwaji aka samo shi ba, kuma dokokin da ake bayani da su ma suna buƙatar a tambayi inda suka fito. Masu riƙe da shekara dubu shida kuma suna cewa Allah na da ikon halittar duniya da kamannin tsufa, kamar yadda ya halicci Adamu yana baligi. Ba a iya ƙaryata wannan da awo, amma ba a iya gaskata shi da awo, kuma malaman addini da dama ba su gamsu da shi ba, domin yana nufin shaidun da Allah ya shimfiɗa a cikin halittarsa suna nuna abin da bai faru ba.

Akwai masu neman kowane sabon bincike a cikin nassi. A wajen Musulmi wannan hanya ta yaɗu bayan littafin likitan Faransa Maurice Bucaille na 1976, kuma tana ƙara wa mutane da yawa natsuwa. Haɗarinta shi ne kimiyya tana sauyawa. Wanda ya ɗaure aya a jikin nazariyya, me zai ce ranar da aka gyara nazariyyar? Masanin taurari ɗan Aljeriya Nidhal Guessoum yana cikin Musulmin da ke wannan gargaɗi. Lemaître ma bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya nuna a 1951 cewa kimiyya ta tabbatar da halitta, ya fi son a bar kowane fanni da hujjarsa.

Tsakanin waɗannan akwai tsohuwar matsaya da manyan malaman addinan biyu suka riƙe. Augustine ya gargaɗi Kiristoci kada su riƙa faɗin abin da ya saɓa wa sanannen ilimi game da sama da ƙasa da sunan nassi, domin hakan kan jawo wa nassin raini. Gazali, duk da faɗansa da masu falsafa, ya ce wanda ya musanta lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, cutar da addinin ya yi. Ibn Taimiyya ya rubuta babban littafi kan cewa lafiyayyen hankali ba ya karo da ingantaccen nassi.

In aka tace, batun farkon halitta da tsufan ƙasa ba su da wuyar sasantawa ga Musulmi da Kiristoci masu yawa. Wurin da ya fi tsauri shi ne asalin mutum. Kimiyya ba ta ce mutum daga birin da muke gani ya fito ba. Cewa ta yi su biyun sun haɗa kaka shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, tana kafa hujja da ƙwayoyin gado da ƙasusuwa irin ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Chadi a 2001, da na Jebel Irhoud a Maroko masu shekara kusan 300,000. Jumhurun malaman Musulunci kuwa suna kan cewa an halicci Annabi Adamu (AS) daga turɓaya ba uwa ba uba, kamar yadda aya ta 59 a Ali Imrana ta nuna, haka ma majami'u da yawa. Wasu malaman zamani sun ce nassi bai hana sauyawar dabbobi da tsirrai ba, Adamu ne aka keɓe a matsayin mu'ujiza. Wasu sun ƙi nazariyyar ɗungurungum. Wannan saɓani na gaske ne, kuma rufe shi da kalamai masu daɗi ba ya amfanar kowa.

Yadda abin ya shafi talaka

Ɗalibi ne na farko. Juyin halitta yana cikin manhajar ilimin halittu ta WAEC da NECO, labarin halitta kuma yana cikin darussan addinin Musulunci da na Kirista. Mai jarrabawa yana tambayar abin da Darwin ya ce ne, ba abin da ɗalibi ya yi imani da shi ba. Yaron da aka fahimtar da shi wannan bambanci zai amsa tambayarsa hankali kwance. Wanda aka ce masa karanta babin ma saɓo ne, ko dai ya yi asarar maki, ko ya girma yana zaton dole ya zaɓi ɗaya tsakanin imaninsa da karatunsa, ya kuma gamu da tambayar a jami'a ko a intanet ba wanda ya shirya shi.

Sai lafiya da abinci. Najeriya ta daina dogaro da kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005, saboda ƙwayar cutar ta sauya ta daina jin sa. Yawan masu ɗauke da jinin AS a yankinmu ma yana da alaƙa da kariyar da yake bayarwa daga zazzaɓi mai tsanani. Likita ko ma'aikacin gona, kowane irin ra'ayi yake da shi kan Adamu, da wannan ilimin sauyawar halittu yake aiki. Haka masanin da ake kira ya duba fili kafin a haƙa rijiyar burtsatse a Rayfield ko Rikkos: sanin irin dutsen da ke ƙasa, da yadda ya tsage ya ruɓe tsawon zamani, shi ke nuna masa inda ruwa ya kwanta, kuma kuskurensa kuɗin mai gida ne ke tafiya.

Ga zaman tare kuma, wanda Jos ta san tsadarsa, wannan batu bai raba mutane gida biyu na Musulmi da Kirista ba. Duka biyun sun yarda da Mahalicci ɗaya da ya samar da komai daga babu, da kwana shida, da Adamu da Hauwa'u. Rabuwar kan tsawon kwanakin da matsayin binciken kimiyya a cikin kowane masallaci da kowace coci take, har ta kan sa limami da fasto su fi kusa da juna a fahimta fiye da kowannensu da wani na sahunsa.